Jirgin Baba a Zangon Shanu

Unguwar Kanawa, Kaduna
9 ga Satumba, 1956

Zuwa ga Yayana Datti, a Lakwaja.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya sa albarka a fataucinka. Mu nan alhamdulillahi. Matata Hansai ta sauka a watan jiya, an sami mace, sunanta Safara'u, daga ita har uwar suna cikin ƙoshin lafiya.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Baba ya sayar da jirginsa. Wannan dai da ka sani, mai rumfar asabari, wanda yake ɗaura wa ƙyalle a sanda iska ta tura shi, wanda ya mayar ɗakin kwanansa a bakin ruwan Rafin Guza tun rasuwar Inna. Bai shawarci kowa ba. Na taso daga ofis da la'asar, sai na tarar da shi zaune a ƙofar gida, ga tabarmarsa da butarsa da filafilin tuƙin jirgi guda. Ya ce jirgin ya tsufa, ya aika wa masassaƙa a ƙasar Nufe su yi masa sabo, amma ba zai iso ba sai ruwa ya janye. Wanda ya saya wani ne Isma'ila, ya kuma rantse masa cewa yashi zai riƙa ɗauka da shi. Baba ya ce da wannan sharaɗin kaɗai ya yarda, don kada a raba jirgin da ruwa.

Sai maganar wurin zama. Ka san ɗakina ɗaya ne, ga mai jego a ciki. Na ce ni zan koma waje, ya ce Allah ya kiyaye ya kwana inda surukarsa take. Kwana biyu ina yawo daga nan har Kawo ban sami ɗaki ba, duk ma'aikata sun cika gari. Daga ƙarshe Malam Rabe maɗinki ya ba shi zaurensa, ya ce ya zauna har sabon jirgi ya zo. Baba ya yi godiya, sai dai kullum yana ƙorafin ƙasa ba ta motsi, barci ya ƙi zuwa.

Ranar Juma'a bayan masallaci na raka shi Kawo sayen igiya. Muka bi ta zangon shanu. Ina cikin magana sai na ga ba ya gefena. Da na waiwaya, yana tsaye ya ƙame, sandarsa ta faɗi ƙasa. Yaya, jirgin ne. An sa zarto an raba shi biyu, an toshe bakin da katako, an cika shi da ruwa, shanu suna sha. Rumfar kuwa an yi wa awaki inuwa da ita. Ashe Isma'ila dillalin dabbobi ne, bai taɓa riƙe filafili ba. Na so in nemi mutumin in kai shi gaban alƙali, Baba ya riƙe rigata ya ce shi ya sayar da shi da hannunsa.

Ya ratsa tsakanin shanun, makiyaya suna kallonsa, ya durƙusa cikin taɓo da rigar sallarsa, yana shafa gefen katakon. Can ya kira ni ya nuna mini facin gwangwanin da ka buga kana yaro. Ya ce in na rubuta maka in faɗa maka har yau wurin ba ya yoyo.

Tun ranar abincin da Hansai ke aika masa yakan dawo kusan yadda aka kai. Jiya ya ce in aika a dakatar da sassaƙa sabon. Ban aika ba, kuma ban faɗa masa ban aika ba. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka zo, ko ka rubuto da sauri in karanta masa.

Ka gaida Yaya Zuwaira da Ado da Talatu, da maigidanku Alhaji Inuwa. Hansai tana gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Sabo Maliki