Gashin Auduga a Kwanon Hajiya

Daren Juma'a, Limawa

Wallahi na gaji. Tun da zafi ya shigo kyanwar nan Auduga take zubar da gashi kamar ana sheƙar gero. Na yi shara, na kakkaɓe darduma, na taje ta da tsohon matajina, duk a banza.

Yau na aika wa maƙwabciyarmu Hajiya Babba dambun Juma'a. Ba ta taɓa dawo min da kwano haka nan ba, ko goro ne sai ta jefa. Yau dambuna ne ya dawo yadda na zuba shi, ga dogon farin gashi kwance a kai. Jikarta ta ce, "Wai ta gode, ta ƙoshi." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baban Salma ya ce, "Gobe Taura zan kai kyanwar nan, rumbun Yaya ya cika da ɓera." 'Yarmu Salma ce ta rene ta, kuma tun da aka kai 'yar nan ɗakin mijinta a Ringim, ba mai biyo ni kicin sai Auduga.

Ga ta nan kwance kan baƙin hijabina da na goge ɗazu. Na kasa cewa ta tashi.