Naman Ƙarƙashin Tebur

Assalamu alaikum, Bude Warsini. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garinmu, don duk wanda na kalla sai in ga ko dangina ne, ko dangin wanda nake kuka da shi, ko kuma yana cikin waɗanda ake cuta. Sunayen da zan ambata na canza su. Ki yi haƙuri in na yi ta zagaye, ban saba rubutu ba, wuƙa da ludayi na sani.

Ni mai sayar da soto ce, wato romon nama mai kayan ƙanshi, a bakin kasuwa, a nan gindin dutsen Merbabu. A hannun mahaifiyata na gaji sana'ar, kuma ba yabon kai ba, na san nama. Marigayiyar ba ta taɓa zaunar da ni ta yi min bayani ba, sai dai ta kama yatsana ta danna a kan tsoka. In wurin ya taso nan take, ta gyaɗa kai. In ya lotsa ya zauna, ta ja ni mu wuce ko sallama babu. A haka na san cewa nama mai kyau ja ne mai haske, jikinsa a bushe, in ka shafa yana ɗan kama hannu, kitsensa da tauri, kuma a rataye a ƙugiya ake sayar da shi. Romon soto ba ya ɓoye komai, Bude. In nama ya yi ƙarya, kwanon farko zai tona shi.

Saboda haka matan kasuwarmu suka mai da ni madubinsu. Ba sa tambayata, kallon ƙafata suke. Rumfar da na tsaya da asuba, nan za su yi layi. Maƙwabciyata Yu Ngatini, wadda bakinta ba ya hutawa, ta sha faɗa a gaban mutane: "Mu me muka sani? Idonmu na kallon farashi ne kawai. Inda gwana ta tsaya, nan muke tsayawa." Da ina jin daɗin wannan magana har cikin raina. Yanzu in ta faɗa sai gabana ya faɗi.

Mahaucin da nake saye a wurinsa tun ina amarya shi ne Pak Sarwidi. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, wanda in ka sayi tsoka sai ya jefa maka ƙashi ya ce na romo ne. Bara ɗansa Danang ya auri 'yata Ratri, ita kaɗai Allah ya ba ni. A gidansu take zaune, kuma ga ta da tsohon ciki, bayan Sallah muke sa ran haihuwa. Ba su taɓa ɓata mata ba. Wannan ma yana cikin abin da ya ɗaure ni.

Tun da shanu suka yi tsada, wasu rumfuna na can ƙarshen layi suka fara karya farashi, sai na ga naman surukina ya sauko daga ƙugiya ya kwanta a faranti. Da farko na ce ko na rana ɗaya ne. Amma naman ya koɗe, ya yi fari-fari, ya yi laushi, ruwa yana taruwa a gindin farantin. Matarsa Bu Tumirah tana riƙe da tsumma a gefe, ta goge, ta juya baya ta matse a bokiti. Ƙugiyoyin da na sani cike da cinyoyi, yau rigarsa ce a jiki, da rediyo, da ledoji. Ni ba yarinya ba ce. Na san naman saniyar da aka zura wa tiyo a baki aka ɗura mata ruwa kafin yanka, don ta yi nauyi a sikeli. Irinsa ba ya jure rataya, ɗiga zai yi ta yi har kowa ya gani.

Ga inda abin ya fi ci min rai. Ni ba a ba ni wannan. In na zo, sai Pak Sarwidi ya washe baki ya ce, "Surukata ta iso! Naki na musamman ne, kakar jikana ba ta bin layi." Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko min ƙunshi a ganyen ayaba. In na buɗe a gida, nama ne ja, busasshe, irin wanda mahaifiyata za ta gyaɗa wa kai. Sotona yana nan da daɗinsa, ban yi asarar mai saye ko ɗaya ba. Amma matan da ke bayana, waɗanda suka tsaya don sun ga na tsaya, na faranti ake auna musu.

Kwanaki Yu Ngatini ta leƙo ta katanga da cokali a hannu. Ta ce, "Ke, wai nama na soya ko kankana? Na zuba kasko cike, ya yi ta tsiyayar ruwa, na kwashe abin da ko kyanwa za ta raina. Maigidan har tambayata ya yi ko na fara ci tun a wuta. Naki ma haka yake yi?" Na ce mata nawa bai yi ba. Gaskiya na faɗa, Bude, amma wallahi ƙarya ta fi ta tsabta. Sai ta ce to lallai kaskonta ne, ko hannunta ne ba shi da albarka. Ta tafi tana zargin kanta.

Kada ki ce ban gwada komai ba. Na taɓa jefa masa magana cikin wasa, na ce, "Pak, ƙugiyoyin nan sun yi ritaya ne?" Ya yi dariya ya dafa ƙugu ya ce, "Bayan ne ya tsufa, surukata, ɗaga cinya sai yara." Bu Tumirah kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Wata rana kuma na yi ƙarfin hali na wuce wata rumfa. Kafin azahar Ratri ta kira ni, wai surukarta ta tambaye ta ko an yi wa mamanta laifi ne, kuma tun safe ba wanda ya yi mata magana a gidan. Washegari na koma inda na saba, kaina a ƙasa. Maigidana Pak Kasno da na faɗa masa, cewa ya yi, "Ke hukuma ce? 'Yarki tana hannunsu, naki naman yana da kyau, ki ja bakinki ki yi shiru." Shi duk abin da ba a faɗa da baki ba, a wurinsa bai faru ba.

Da a nan ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da haɗiyewa. To ga azumi ya kama. Matan unguwarmu muna da watanda, duk shekara muna tara kuɗi kaɗan-kaɗan don naman Sallah, kuma ni ake wakiltawa in zaɓo. Akwai zawarawa a ciki, akwai masu wankau, akwai waɗanda daga wannan naman sai na layya. Kullum a wurin Pak Sarwidi nake saye, kuma bana har ya riga ya faɗa wa mutane a masallaci cewa cinikin nasa ne. Ƙarƙashin teburinsa ba zai ɗauki naman unguwa guda ba, na faranti zai ba mu. In na kai cinikin wani wuri, na tsinka shi a idon gari, 'yata kuma ta haihu a gidan da ake fushi da uwarta. In na kai masa, na ɗauki gumin mata na shekara na sayo musu ruwa da hannuna. Na juya ta ko'ina ban ga ƙofa ba. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina jin haushin ƙunshin nan na ganyen ayaba kamar in jefar. Bude, ina zan sa kaina?

Mai Soto, daga gindin Merbabu

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa Mai Soto.

Bari in fara da mai ɗacin. Kina ganin shiru kike yi, amma ba shiru ba ne. Ke da kanki kika ce ƙafarki ake kallo. Duk safiyar da kika tsaya a rumfar nan kin ba da shaida, kuma ƙunshin da ake miƙo miki daga ƙasa shi ne ladan shaidar, ko da wanda ya ba ki da ke da kika karɓa ba ku kira shi haka ba. Maganar maigidanki za ta yi daidai ga kowace mace a kasuwar, ban da ke.

Amma a yi wa surukinki adalci. Ba ki gan shi da tiyo a hannu ba. Mahauta da yawa sari suke yi daga masu yanka, kuma idan na kusa da kai ya karya farashi, tsoron rufe rumfa yana sa mutumin kirki ya karɓi abin da da ba zai kalla ba. Wannan bai wanke shi ba, don ya san abin da ke farantinsa, ga cutar mutane ga azabtar da dabba. Sai dai ki duba ƙunshin nan ta ɗaya gefen. Mutumin da kunya ta ƙare masa, na faranti zai auna miki ya kalle ki ido cikin ido. Shi har yanzu yana jin nauyinki. Ta nan za ki shiga.

Watandar ba sai kin zaɓi tsakanin shi da matan ba. Ki ce musu bana saniya mai rai za a saya. Ku je kasuwar shanu da shi da maigidanki, ki ba shi girmansa ya taya ku zaɓe, a ɗaure ta a filin unguwa ta kwana a idon kowa. Da safe shi zai yanka, ya feɗe, ya rataye a jikin gora, ya raba, a biya shi ladan wuƙarsa. Abin da ya faɗa a masallaci bai zama ƙarya ba, matan kuma sun sami nama na gaske. Wataƙila kason kowa ya ɗan ragu a sikeli, amma a tukunya zai fi auki.

Sai na kullum. Kada ki yi wannan magana a kasuwa. Ku je gidansa ke da Pak Kasno, da ɗan sukari da ganyen shayi a hannu, kamar yadda surukai ke yi. Ba zargi, ba kiran sunan abin. Ki gode masa, sannan ki ce daga yanzu kina so a yanko miki daga abin da ke rataye a gaban kowa, irin wanda za a ba na bayanki. Ya ce bayansa ya tsufa, to ai Danang yana da baya. Zai gane sarai. In nama ya koma ƙugiya, kin ceci surukinki ba tare da kin tona shi ba. In bai koma ba, shi ya ba da amsa, ke kuma ki canza rumfa ba tare da hayaniya ba.

Kafin ki je, ki zaunar da Ratri ki faɗa mata da bakinki. Ba zan yi miki alkawarin ba za a ɗaure mata fuska ba, za a iya, na wani lokaci. Amma ki tuna asirin nama mai ruwa ba ya daɗewa, kaskon Yu Ngatini ya riga ya fara magana. Ranar da kasuwa ta gano da kanta, za a ce surukin Ratri ne ya sayar, uwarta ce ta tsaya masa. Wannan ya fi fushin 'yan makonni nauyi a kanta, da kan abin da za ta haifa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina. Kin daɗe kina jin daɗin zama idon mutane, shi ya sa yau aka iya rufe idon kasuwa guda da ƙunshi ɗaya. Mahaifiyarki ba ta ce ki bi ƙafarta ba, yatsanki ta kama. Gobe da asuba ki kama na Yu Ngatini ki danna mata a kan tsoka, ki bar ta ta gani da kanta cewa hannunta lafiya lau yake.

Allah ya sauki Ratri lafiya, ya kiyaye zumuncinku, ya sa ku ci naman Sallah da zuciya sake.

Bude Warsini