Hoton Madam Thanh

Vénissieux, Maris 1994

Yaya Biba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Alasan da yara. Ya sanyin Paris? Ni dai ciwon baya ya ƙi sakina.

Tsohuwar da nake jinya, Madam Thanh 'yar Vietnam, ta daina tafiya. Kowace Lahadi nakan tura ta a keken marasa lafiya zuwa ɗakin ibadarsu na Buddha, bisa wani tudu bayan Lyon. Ni bakin ƙofa nake tsayawa, wurin takalma. Su kuwa su kunna turare, su ajiye lemo da shinkafa gaban gunki mai ruwan zinariya, wani tsoho mai askakken kai yana buga ƙararrawa.

Ta ce waɗanda suka gudo daga yaƙi cikin kwale-kwale ne suka gina wurin, kullum in sun tashi daga aiki. Mijinta ya sha ɗaukar siminti a can. Wai in an buga ƙararrawar, waɗanda teku ta cinye suna ji. Ɗanta tilo yana cikinsu.

Ta roƙe ni, in ta mutu, in kai hotonta ɗakin da suke jera hotunan matattu. Ba ta da kowa. Na amsa, Yaya, ban yi tunani ba.

Ƙanwarki,
Huraira

Vénissieux, Yuni 1994

Yaya Biba,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Umma?

Na ga wasiƙarki da kika ce kada in kuskura in shiga ɗakin gumaka. Madam Thanh ta rasu ranar Talata, hannunta cikin nawa. Na yi ta juya maganarki, na ga alkawari dai na ɗauka.

Jiya na je. Na cire takalmi na shiga. Ban rusuna wa komai ba, ba wanda kuma ya ce in rusuna. Tsohon ya karɓi hoton da hannu biyu, ya sa kusa da na mijinta. Ya tambaya ko ni ɗiyarta ce. Na ce a'a, mai aiki ce. Ya ce to, ni kaɗai na zo.

Da na fito, zama na yi a matakala. Allah Ya san zuciyata.

Ofishin da ke tura mu jinya sun ba ni wata tsohuwa ranar Litinin. Na ce su nemi wata. Ba zan iya sake sabawa da mai mutuwa ba. In gurbin aikin kitson nan na unguwar Château Rouge a Paris yana nan, ki shimfiɗa mini katifa.

Taki,
Huraira