Kusurwar Gabas

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sun fara shimfiɗa ƙanƙara a filin ƙwallonmu. Wai manyan 'yan hokin ƙanƙara za su buga a waje ranar Lahadi, gaban mutum dubu talatin. Shekara ashirin da bakwai ina kula da filin nan, da sanyi kuma ni ke gyara ƙanƙarar cikin zauren wasa, amma sai da aka ɗauko mana gwana daga Quebec. Solange. Sa'ar 'yata ce. Ko gaisuwar kirki babu, sai "Orest, riƙe min tiyo." Ni, mai riƙe tiyo!

Talata, 4 ga Fabrairu

Manaja ya ce ni zan tuƙa motar gyaran ƙanƙara ranar wasa. Iyakar abin da suka bar min ke nan. Na gaya wa matata Halyna, ta kira 'yan'uwanta kaf har na Winnipeg.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kwamfutar Solange ta lissafa mata inda rana ke faɗowa, tana bi tana rufewa da tamfol. Abin da kwamfutar ba ta sani ba: ƙarfe biyu da rabi, gilashin ɗakin 'yan jarida yana maido hasken rana kan kusurwar gabas. Nan dusar ƙanƙara ke fara narkewa kowace shekara. Yau ta tambaye ni, "Akwai wani abu game da filin nan da ya kamata in sani?" Na ce, "Ai ke ce gwana." Ta je can ta gane da kanta.

Jumma'a, 7 ga Fabrairu

Hadari duk yini. Ta tsira.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wasan tsofaffin 'yan wasa, rana tarwai. Uku saura kwata Gord Lindqvist ya shiga kusurwar da gudu, takalminsa ya nutse a ƙanƙarar da ta narke. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin. Mutum mai shekara hamsin da takwas, jikokinsa na zaune a layin gaba.

Manaja ya yi wa Solange tas a gabanmu, ya ce gobe ana tashi daga wasa ta tattara kayanta. Ba ta yi kuka ba, haushin da na ji ke nan. Ta durƙusa tana taɓa ruwan da hannu tana cewa, "Na auna, wallahi na auna." Ko kallona ba ta yi ba.

Ba ni na sa gilashin ba. Ba ni na ɗauko ta ba.

Halyna ta yi miyar kabeji. Ban iya ci ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Da safe na hau na rufe gilashin da tamfol. Solange ta tsaya a ƙasa tana kallo. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun kafin ta iya tafiya. Ta zage ni da Faransanci, ta daɗe tana yi. Daga nan na wuce ofishin manaja, na gaya masa na sani ban faɗa ba. Ba don ita ba, ni dai ba na son a bar magana a karkace.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An bar mata aikinta. Har yanzu ba ta iya gaisuwa ba, amma ƙanƙararta ta yi kyau, ban ga makusa ba.

Brent, abokin aikina, shi ya tuƙa motar jiya. 'Yan'uwan Halyna sun yi ta nemana a talabijin. Ni ina asibiti wajen Gord, muna kallo tare. Sai da aka tafi hutu a wasan na iya gaya masa na san da matsalar kusurwar nan.