Murhu na Ashirin da Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Yau wata huɗu cif da ruwan zafi ya ƙone Auta, 'yar Yayata, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Murhun gawayin da tukunyar ke kai ni na ƙera shi, ni na kai musu kyauta, har ina cika baki wai ya fi na kasuwa. Yaya ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni na huta. A asibiti sau ɗaya ta dube ni, ta ce, "Je ka gida." Tun ranar ba ta taka shagona ba, in na je gaisuwa a bakin ƙofa take amsawa.

Juma'a, 7 ga Maris
Duk lokacin da na tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa ya yi cuuu, kukan yarinyar nake ji. Alhali ranar ma ba na gidan. To kukan wa nake ji?

Laraba, 19 ga Maris
Murhu na tara ke nan tun da na fara neman ƙera wanda ba zai kife ba. Na buɗa ƙafafun, na ƙara ta huɗu. Gwajina ɗaya ne: in ɗora tukunya cike da ruwan sanyi, in ja baya, in hamɓare shi da ƙafa. Ya faɗi. Mai faci na gefena ya leƙo yana dariya, wai, "Maƙeri, murhun ne ya zage ka?" Na ɗaga murhun na koma bakin maƙera.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na goma sha shida. Na cika gindinsa da siminti. Bai faɗi ba kam, amma da na zo ɗaga shi sai da bayana ya amsa. Wace mace za ta iya wannan? Aikin banza, makaho da waiwaye.

Talata, 22 ga Afrilu
Wata yarinya ta wuce da riga mai dogon hannu, a wannan zafin. Na bi ta da ido har ta sha kwana. Ba ita ba ce.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je gidan Yaya. Muna cikin gaisuwar bakin ƙofa waya ta kira ta ciki, sai ga Auta ta fito. Na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Kawu, wai kai ne mai dukan murhu?" Na ce ina koya masa ne kada ya faɗi in an ture shi. Ta ce, "Ai bai faɗi ba. Ni na jawo tukunyar, so nake in ga abin da ke ciki." Har ta nuna min da hannun, yatsu biyu, haka.
Wayyo ni. Ban taɓa tambaya ba, kunya da tsoro sun hana ni. Wata da watanni ina hamɓarar abin da ko motsi bai yi ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Mai faci ya ce to ashe ba laifina ba ne. Ƙarya yake, ko da yake don ya sanyaya min rai ya faɗa. Tukunya zaune take a saman murhuna ba abin da ya riƙe ta. Na durƙusa daidai tsawon yarinya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina jan tukunyar da yatsu biyu. Duka ashirin da biyun sun zubar min da ruwa a jiki, har mai simintin. Ruwan sanyi ne, amma sai da na yi ihu.

Alhamis, 29 ga Mayu
Shekara nawa ina ganin bahon ruwan mai faci zaune cikin tsohuwar taya, ana ta karo da shi bai taɓa kifewa ba, sai makon jiya idona ya buɗe. Ashe a cikin murhu tukunya za ta zauna, ba a kai ba. Na yi masa baki mai zurfi da zai haɗiye ta har kunnuwa. Huɗun farko sun shaƙe wutar, hayaƙi kawai. Na huda ƙofofin iska ta ƙasa. Na ashirin da bakwai ya ci da kyau. Na ja da hannu biyu, ruwan ya ɗan girgiza, shi ke nan.
Na kai na ajiye a ƙofar Yaya. Ban iya yin sallama ba.

Asabar, 14 ga Yuni
Da hantsi ina cikin bugun ƙarfe na ji an ce, "Kai, kurma ne?" Yaya ce, riƙe da Auta. Ba ta ce komai kan murhun ba. Ta ce, "Riƙe min ita, zan shiga kasuwa." Ta juya ta tafi, ko waiwaye babu.
Ba wani abu ba ne, kasuwar ce ta cika, na sani. Duk da haka na kashe wutar maƙera, na tura ƙarafa ƙarƙashin benci. Yarinyar ta ce zafi take ji, ta naɗe hannun rigarta, ta ce in riƙe ta mu tsallaka titi mu ga mai balan-balan. Wannan hannun ta miƙo min. Na riƙe.