Ragon Denzil a Bakin Da'ira

Gwaggo Morwenna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kin tuna da ciwo ya shiga garkena, na tsaya tsakiyar da'irarmu ta addinin Wika na yi wa Uwargijiya, allahiyarmu, alkawarin duk abin da 'yan da'ira suka nema daga gonata in tumakin sun tashi. To sun tashi. Na zaci tuffa da zuma za a nema. Sai ga Jago, wanda ya shigo cikinmu bara da gemu da tulin littattafai, wai kakanni da jini suke tarbar Sawin, bikin matattu, kuma Barnabi yake so a yanka. Matasa duk sun bi shi. Barnabi fa, ragon da marigayi mijina Denzil ya shayar da shi da kwalba a gindin murhu. Na ce mu ba ma cutar da rai, ya ce ai ina cin nama. Alkawari kaya ne, Gwaggo, tsoro nake ji.

'Yarki,
Tamsin

Tamsin 'yata,

Ƙafa tana nan da halinta. Jagon da ke sayen kaza a leda, bai taɓa ganin ta da kai ba, shi ne zai koya mana jini? Ni ma ina cin nama, amma wanda na kiwata da hannuna, na yi masa godiya, ban zubar da ko ƙashi ba. Wannan yankan yunwa ce ta kawo shi. Uwargijiya kuwa ba ta jin yunwa.

Kada ki saɓa alkawari, ki kai ragon. Sai dai ki tuna musu dokar ƙofa: ba a shiga da'ira a ɗaure, kuma kowa sai an tambaye shi ko da son ransa ya zo. Ban taɓa jin an ce ban da mai ƙaho ba.

Ki ci abinci.
Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaisuwa cike da murna. Ranar Sawin da yamma muka taru a filin bayan gona, an shirya teburin matattu a gefe, kowane mamaci da kujerarsa. A bakin da'ira na kwance igiyar, na faɗi dokar. Jago ya so ya musa, amma ta ƙofar nan shi ma ya shigo. Dole ya durƙusa, gemu da gemu, ya ce, "Barnabi, da son ranka ka zo?"

Barnabi ya dube shi, ya juya masa baya. Ya taka a hankali har kujerar Denzil, ya cinye tuffar da na ajiye wa Denzil a faranti, ya kwanta a ƙarƙashin kujerar. Dariya ta ɓarke, ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba. Babu wanda ya sake maganar yanka. Burodi mai siffar rago muka gasa muka miƙa, Jago ya ci cinya biyu.

'Yarki mai godiya,
Tamsin

Tamsin,

Madalla. In an yi masa aski ki aiko min da gashin, ƙafar nan safa take so. Baɗi kuma ki sa tuffa biyu a farantin Denzil. Ya saba rabawa da Barnabi.

Gwaggonki