Inna, An Karanta Takardar Yaya Bello Har Ƙasa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan makwancinki ya zama wurin hutawa, na ɗauki biro ne in ba ki labarin abin da na aikata ranar Alhamis a makarantarmu ta Lahodu. Masu leƙen takardar nan za su ce ban kyauta ba. Su ce.

Kin tuna shekarar da Yaya Bello ya tafi noman albasa Goronyo, ya aiko miki da takarda ta hannun direba? Ina da shekara shida. Kika ja hannuna muka je zauren Malam Sanda, wanda shi kaɗai ke karanta boko a unguwarmu. Muka tarar yana ɗinke buhunan albasa, mota na jiransa zuwa kasuwar Wurno. A tsaye ya warware takardar, ya karanta layi biyun farko, gaisuwar nan da kowa ke buɗe wasiƙa da ita, cewa ina fatan kina lafiya kamar yadda nake lafiya. Sai ya ninke ya miƙo miki. "Ɗanki shina lahiya, Kulu. Mi kika so kuma? Tahi gida." Har godiya kika yi masa, da la'asar kika aike ni gidansa da ƙwaryar fura.

Bayan kwana tara aka zo aka ce mana an riga an binne Yaya.

Kika adana takardar a ƙasan kwallarki. Ina aji huɗu kika ɗauko ta, kika ce in karanta miki ki ji muryar ɗanki. Idona ya riga bakina sauka ƙasa. Ƙarƙashin gaisuwar ya rubuta cewa yana kwance a asibiti, babu kowa a kansa, ki zo, ki taho masa da furarki don ba ya iya cin komai. Na dubi fuskarki, na karanta miki gaisuwa kaɗai na ninke. Har kika koma ga Allah ban faɗa miki ba. Ni tausayinki ne ya rufe mini baki, shi kuwa Malam Sanda albasarsa ce.

Yanzu ni ce malamar aji uku. Da yarana suka gama littafin karatunsu, hedimasta ya ce a shirya musu biki, ni in zaɓi abin da za a yi. Na ce Ranar Wasiƙa. Muka yi hulunan kwali da jakunkunan buhu, muka shafa wa kwalin sabulu fenti ya zama akwatin gidan waya. Kowane yaro zai zaro wasiƙa ya karanta gaban iyaye, ya karɓi fensir da alewa. Doka ɗaya na rubuta a allo: a karanta har ƙasa.

Babban baƙo kuwa, da ƙafata na je na gayyato Malam Sanda. Ya tsufa, ido ya dushe, amma kunne ras. Ya sha babbar riga, ya zo yana ɗaga wa mutane hannu. Na zaunar da shi a kujerar hedimasta, dab da lasifika.

Jikarsa Rabi ce ta fi kowa karatu a ajina, ita na bari ƙarshe. Na miƙa mata takardar Yaya. Ta wuce gaisuwar ba ta tsaya ba, ta karanta asibitin, ta karanta furar, har sunansa a ƙasa. Tsofaffin da suka zauna makoki da ke suka ɗauki salati. Yarinyar ta ɗago ta tambaye ni ko uwar ta je. Na ce ta tambayi kakanta, shi ya fara karanta ta.

Inna, ya kasa tashi sai da aka kama shi. Na kalle shi har ya fita ƙofar makaranta, kuma wallahi na ji sanyi a raina.

Washegari ya turo babban ɗansa neman gafara, wai sauri ne, mota ce ke jira. Na ce ni ma shekara da shekaru ina jira. Ban yafe ba. Rabi kaɗai nake jin nauyinta, ita ba ruwanta, kuma tun ranar ba ta haɗa ido da ni ba.

Ke nake roƙo ki yafe mini, Innata. Da kin ji, da a ƙafa ma kin tafi, na sani. Jiya na dama fura yadda kike yi, da citta da kanumfari, na hau mota zuwa asibitin Goronyo. Na bi gado-gado ina neman waɗanda babu kowa a kansu. Wani saurayi ya shanye kofi biyu, ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ke.

Allah ya haskaka kabarinki da na Yaya Bello, ya haɗa ku inda ba a aika takarda.

Ɗiyarki,
Nana